Kibiyar Ɗan Koyo

Da na nemi koyon harbi a Karaye, kawuna ya ba ni kwari da baka, ya ce in yi ta harbin kututture tukuna. Na ƙosa, na saci jiki na bi maharba dajin Rogo. Can na harbi gada a cinya, ta tsere da kibiyata. Muka bi jini har magariba, ba mu gan ta ba.

Farauta halal ce, na sani. Amma wa ya halatta mini koyon saiti a jikin mai rai? Abokaina sun ce kowane gwani da kuskure ya fara. Haka ne, sai dai fa ba su suka kwana da ƙarfe a cinya ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ƙirga kibau, ya ce, "Babu guda, ɗana. Da asuba mu koma nemanta."