Lamba Ɗaya, Uban Marayu

Ya kai mai karatu, me ke sa a kira mutum shugaba? Riga kowa zuwa, ko kuwa nauyin da ya ɗauka? Bari mu tambayi kwamfuta.

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a 1969, da an kunna na'ura sai zuciyar tsarin ta tayar da wani aiki mai suna init, ta ba shi lamba 1. Shi kuma ya tayar da ma'aikatan ɓoye: mai kai saƙo, mai rubuta abin da ya auku, mai jiran lokaci.

To, ga abin lura. Idan wani aiki ya mutu ya bar ɗansa, lamba 1 ke riƙon marayan. Ran da marayan ya ƙare, shi ke karɓar labarinsa ya share sunansa. In ya yi sakaci, matattu su cika rajista. In shi ya faɗi, kowa ya tsaya.

Ashe girman na farko bashi ne. Mu da muke neman digiri don hawa kujera, wane maraya muka shirya riƙo?