Tuwo Ko Ladan Aiki?

A Damari, ƙasar Birnin Gwari, baligin da aka haifa da jinkirin fahimta yakan sami mai ba shi tuwo. Mai ba shi aiki ne ke wuya. Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ware wa masu nakasa kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, amma a nan aiki na gona ne da kasuwa. Ɓare masara da kiwon awaki zai iya, in an yi haƙurin maimaita masa. Wajibin ɗan'uwa ne ya raka shi wurin mai gona, ya tsaya har ya saba, a biya shi kamar kowa. Sa shi ƙodago a sallame shi da tuwo zalunci ne.