Hoton mutum, na wa ne?

A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, domin wanda bai koyi sana'ar hoto ba shi ma ya iya ɗauka. Sai dai an daɗe wannan sauƙi bai iso ƙasar Ƙonni da Adar ba. Har cikin shekarun 1990, mai son hoto a Birnin Ƙonni ko Illela gidan mai hoto yake zuwa, ko ya kira shi ranar salla ko suna. Fim ɗaya bai cika wuce hoto 36 ba, wankinsa kuma kuɗi ne da jira. Saboda haka mutum kan yi wanka, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya tsaya yadda yake so a tuna da shi. Tsadar fim ita ke tilasta neman izini.

Wayar salula mai kyamara, wadda ta fara bazuwa a Japan wajen 2000, ta kawar da tsadar. Alherinta a fili yake: manomin albasa na Galmi yana nuna wa ɗan kasuwar Abijan buhunansa kafin mota ta tashi, ɗan ci-rani kuma yana ganin jaririn da aka haifa masa a bayansa. Talakan da kakansa bai bar hoto ko ɗaya ba zai bar wa jikokinsa fuskarsa.

Amma da tsada ta tafi, izini ya bi ta. In mota ta faɗi a hanyar Ƙonni zuwa Malbaza, akan sami hannun da ya riga zaro waya kafin ya miƙa wa mai rauni ruwa. Uwa tana iya ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabta tun ba a zo mata da labari ba. Mai ɗauka zai ce abin da ya faru ya nuna, bai yi ƙarya ba. Haka ne, amma ba kowace gaskiya ce mallakar wanda ya gan ta ba. Ido yana gani ya manta, hoto kuwa zarar bunu ne.

Kyamara ta mai ita ce, fuska ta mai fuska ce, abin da ya haɗa su amana ce. Abin da tsada ta hana a da, yanzu sai kunya da tarbiyya. Malamin da ya koya wa ɗalibi sallama kafin shiga gidan mutane, ya kamata ya koya masa tambaya kafin ya ɗaga waya.