Mai Igiya A Bakin Rafi

Ya kai mai karatu, kadan ka taɓa tsayawa a gindin duwatsun Riruwai cikin watan Agusta, ka san yadda ƙorama ke sake hali. Da safe ruwan bai kai gwiwa ba. Hadari ya zuba bisa tudu, kafin azahar ga shi ja wur, yana ruri, yana tafe da itatuwa. Daga irin waɗannan ƙoramu Kogin Kano ke samun ƙarfi, ya ratsa dajin Falgore, kana ya taru a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974.

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke biɗar irin wannan ruwa da gangan. Sukan shiga ƙaramin jirgi na mutum ɗaya, wanda ake ce da shi kayak, su gangara tsakanin duwatsu da filafili mai baki biyu. Asalin jirgin na mutanen Inuwit ne na ƙasar ƙanƙara, domin farauta suka ƙera shi. Masu wasan sun raba ƙarfin ruwa mataki 6. Na 3 shi ne matsakaici, na 6 kuwa bakin kabari ne. A 1972 wasan ya shiga gasar Olamfik a Jamus.

To, ko daidai ne mutum ya jefa ransa cikin haɗari domin jin daɗi kaɗai? Waɗansu sun ce a'a, gama rai amana ne, ba abin caca ba. Gaskiyarsu game da amana, amma ban bi su har ƙarshe ba. Da haka ne, da ba mai sukuwa ran salla, da ba yaron da za a koya wa iyo. Ƙarfin hali abu ne mai kyau, kuma ba a samunsa a bisa tabarma.

Sai mu duba abin da gwanayen wasan ke yi. Ba su shiga su kaɗai. Sukan sa hular kwano da rigar da ke hana nutsewa. Sa'ad da suka iso wurin da ba su ga ƙarshensa ba, sukan fita, su bi gaɓa da ƙafa su duba, gama itacen da ya faɗi a gicciye ruwa yakan wuce ta cikin rassansa, mutum kuwa ba ya wucewa. In wurin ya fi ƙarfinsu, su ɗauki jirgi a kafaɗa su kewaye, ba mai yi musu dariya. Ɗaya kuma yakan tsaya a gaɓa da igiya a hannu.

Wannan mai igiya shi ne ya fi damuna. Mukan ce iya ruwa fid da kai, amma wanda ya faɗa ruwa ba kansa kaɗai ya jefa ba. Ya jawo dukan mai ƙaunarsa da ke tsaye a bakin rafi. Mai igiya ya yarda tun da fari, ya shirya, ya san inda zai kafa ƙafa. Akwai kuwa waɗanda ba a tambaye su ba. A Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai saboda yawan mutane, fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Ba su suka ƙidaya masu shiga ba.

Saboda haka, kai saurayi na Doguwa ko Tudun Wada, ran da rafi ya kawo, abokai suna zuga ka ka ƙetare domin a ce da kai namiji, waiwaya tukuna ka dubi gaɓa. In ba mai igiya a wurin, akwai ƙanenka ɗan shekara 10 da ya biyo ka, bai iya ruwa ba, kuma in ya ga kanka ya nutse ba zai tsaya ba.