Tsohon Sito da Haƙƙin Marayu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata, nasihar wannan Juma'ar a kan tsohon siton cittar nan ne da ke bayan masallaci. Kowa ya san shi. Tun rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone, ƙofarsa ke garƙame. Mai shi ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kwano ya yi tsatsa, gara ta cinye katakon rufi, awaki da 'yan shaye-shaye suka raba wurin tsakaninsu. Kwamiti ya amince a karɓe shi a gyara ya zama zauren jama'a: karatun matan aure da safe, Islamiyyar yara da yamma, wurin walima da sulhu, mu huta da kafa rumfa a tsakiyar titi muna tare wa mutane hanya.

Manyan magada sun bayar da kasonsu wakafi, Allah Ya saka musu da alheri. To amma cikin magadan akwai yaran da ba su balaga ba, kuma a nan ne maganar ta tsaya. Wasu na cewa ai aikin Allah ne, mahaifiyarsu ma ta yarda, mene ne na ɓata lokaci? Jama'a, mu yi hattara. Waliyyin maraya mai tsaro ne kawai. Yana iya sayar da kadarar yaro idan akwai maslahar yaron a ciki, amma ba shi da ikon yin kyauta da ita, ko da masallaci ne zai amfana. Mai son ganin girman abin ya buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 10, ya karanta a tsanake.

Ku dubi yadda aka soma masallacin Madina a shekarar Hijira, 622 Miladiyya. Wurin da taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa masheƙar dabino ce, akwai kangaye da tsofaffin kaburbura da itatuwan dabino. Na wasu marayu biyu ne daga Banu Najjar, Sahlu da Suhailu, da ke hannun As'adu ɗan Zurara. Bukhari ya kawo cewa yaran da bakinsu suka ce sun ba shi kyauta, amma ya ƙi karɓa sai da ya saya. Wa ya kai shi cancantar a yi masa kyauta? Wane gini ya kai wannan daraja? Duk da haka sai da aka biya, sannan aka baje kangayen aka sa harsashi, shi kansa yana ɗaukar tubali tare da sahabbai. Mu da za mu yi zauren walima, ina hujjarmu?

Saboda haka kwamiti ya tsayar da magana: masu sanin farashin gidaje za su kimanta siton, a fitar da kason yaran a gaban alƙali, a biya su cif, kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Na san wannan zai cinye yawancin abin da ke asusu, kuma watakila damina ta riske mu ba mu gama rufi ba, ga shi ruwan Kafanchan ba ya wasa da bangon da ba rufi. Mun gani, mun kuma zaɓi hakan.

Sai maganar kuɗin da za mu kawo. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, Annabi (SAW) yana da shekara 35, sun yi alkawari ba za su sa kuɗin riba ko na zalunci ba. Halal ɗin ya gaza musu, sai suka rage ginin suka bar ɓangaren Hijir a waje, kuma har yau haka yake. Mutanen jahiliyya ke nan fa! Ɗan'uwa ɗan kasuwa, in ka san ka jiƙa citta don ta yi nauyi a sikeli, ko ka bubbuga gindin mudu, ko kana riƙe da kuɗin manomin Kwoi ko Kachia tun kakar bara, fara sauke wannan tukuna. Ɗaki biyu na halal ya ishe mu somawa.

An kuma tambaye ni ko maƙwabtanmu Kirista za su shiga. Zaure ne, ba masallaci ba. Garin nan layin dogo ne ya raya shi, tun wajen 1927 da ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933. Iyayenmu sun zo fatauci suka zauna da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro, ga Inyamurai da Yarabawa ma'aikatan reluwe. Mun kuma ga abin da ya faru a Maris 1987 da 2011, ba labari aka ba mu ba. Annabi (SAW) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a cikin masallacinsa ma. Don haka in taron unguwa ne, ko rigakafin yara, ko koyon ɗinki, ƙofa a buɗe take ga kowa, bisa sharaɗin da ya hau kanmu duka: ba giya, ba caca, ba taron jam'iyya. Na ƙarshen nan mu ma sai mun riƙe kanmu idan zaɓe ya matso.

Kada kowa ya taɓa ginin kafin a biya yaran, ko da sharar ciyawa ce. In an biya za a sanar da ranar gayya, birkiloli da kafintocinmu su zo da kayan aikinsu, matasa su zo da shebur da baro. Lissafin abin da aka tara yana manne a allon sanarwa. Mai gudummawa ya ga ma'aji bayan sallah, kuma kada ya tafi ba rasit. Mata su miƙa ta hannun malamar Islamiyya. Za a zauna da wakilan magada ranar Lahadi bayan La'asar, dattawa su daure su halarta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci