Alli Ya Ƙare, Kira Bai Ƙare Ba

Karatu: Littafin Ƙidaya 8:23-26, Daniyel 1:3-21
Ayar haddacewa: Zabura 92:14

Saƙon yau na malaman makaranta ne da suka ajiye alli ko suke gab da ajiyewa, musamman iyayenmu da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna koyar da Turanci da adabi a Ringim, Taura, Garki, Babura har zuwa Dutse. Baba Malam, Mama Malama, da ku nake magana. Kai kuma matashi da kake ganin ritaya ta yi maka nisa, kada ka juya shafin nan, akwai rabonka a ciki.

Wanda ya kama aikin koyarwa a nan wajen 1990, Jihar Kano ce ta ɗauke shi. Yana cikin aji aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, takardunsa suka koma Dutse. Gwamnonin soja da na farar hula sun zo sun wuce, shi kuwa yana nan gaban allo. Tsohuwar ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa shekara 40 ta aiki ko 65 da haihuwa. Ko wace ƙa'ida ce ta shafe ku, ranar takan zo. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Kayan da kuka ɗauka ba ƙarami ba ne. Kowa ya san yaron da bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take a gabansa. Ku ne kuka tsaya a bakin wannan ƙofa. Yaro ya zo muku da Hausa ko Fillanci a bakinsa, kuka bi shi harafi bayan harafi har ya iya rubuta wasiƙa. Wasu malamai sukan tashi aiki da ƙarar ƙararrawa, amma malamin Turanci yakan koma gida da tulin littattafan insha'i, ya zauna da jan biro a gaban fitila har dare ya raba.

To, an yi bikin ban kwana, an ci shinkafa, an ba ku agogon bango. Litinin ta zo. Kun farka da sassafe yadda kuka saba, kun ji hayaniyar yara suna wucewa, babu mai jiranku a ko'ina. A irin wannan shiru ne Shaiɗan yakan matso kusa ya raɗa ƙarya uku. Bari mu auna su da Maganar Allah ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarya ta farko: aikinku na duniya ne, ba na Allah ba

Maƙiyi zai ce muku, da ma fasto kuka zama ko mai bishara, da kun tara lada. Amma kun ƙare rayuwa kuna koyar da harshen Turawa da labaran da mutane suka ƙaga. Ku buɗe Daniyel sura ta 1. Sarki Nebukadnezzar ya sa aka zaɓi samarin Yahuza a koya musu harshen Kaldiyawa da littattafansu har shekara uku. Darasin harshe da adabi ke nan, na wata al'umma dabam. Aya ta 17 ta nuna cewa Allah da kansa ne ya ba Daniyel da abokansa uku gwaninta a wannan karatu. Da wannan ilimi Daniyel ya tsaya gaban sarakuna ya shaida Allah mai rai har zuwa zamanin Sairus. Musa ma an horar da shi cikin hikimar Masarawa kafin a aike shi wurin Fir'auna (Ayyukan Manzanni 7:22). Manzo Bulus kuwa, da ya tsaya wa'azi a Atina, sai ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa ya gina bishararsa a kai (Ayyukan Manzanni 17:28). Da bai karanta su ba, ina zai samo ta?

Ku tuna kuma yadda annabi Natan ya kama Sarki Dawuda. Labari ya ba shi, na mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Dawuda ya yanke hukunci kafin ya gane kansa yake yanke wa (2 Sama'ila 12). Ubangijinmu ma da misalai ya koyar. Ranar da kuka zaunar da ɗalibai kuna tambayarsu abin da ya kai Okonkwo ga halaka a littafin Chinua Achebe na 1958, kuna koya musu su duba girman kai da tsoro a zuciyar wani, har su hango su a tasu. Kunnen da ya koyi sauraron labari da natsuwa ya fi saurin gane misalin ɗa ɓatacce.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan shekaru da Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi suna fama da fassara. Amma littafi a hannun wanda bai iya karatu ba, rijiya ce babu guga. Duk wanda ya koya wa yaro karatu ya ɗaura masa guga. Yawancin yaran da suka bi ta hannunku 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, iyayensu suka ba ku amana, kuka riƙe ta. Ba ku yi wa'azi a aji ba, domin ba shi aka ɗauke ku yi ba, amma sun ga malamin da ba ya makara, ba ya nuna bambanci, ba ya ƙarya. Wannan ma shaida ce. Kolosiyawa 3:23-24 ta tabbatar cewa aikin da aka yi da zuciya ɗaya saboda Ubangiji, shi ne mai biyan ladansa.

Ƙarya ta biyu: an manta da ku

Wannan tana da zafi domin akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta. Ɗalibin da kuka gyara wa rubutu yau babban ma'aikaci ne, ya wuce ku a mota kuna tsaye bakin titi da ledar magani. Wani yana jiran garatuti, wani fanshonsa ba ya kaiwa tsakiyar wata saboda tsadar masara da kuɗin asibiti. Nassi bai ce a yi kamar ba a ji ciwo ba. Ubangiji Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya tak ya dawo godiya, ya kuma tambayi ina sauran taran (Luka 17:11-19). Ya san wannan ciwon. Amma ku lura, washegari bai daina warkarwa ba.

Neman haƙƙinku ba zunubi ba ne. Ku bi takardunku, ku je tantancewa, ku yi magana inda ya kamata. Abin da Ibraniyawa 12:15 ta gargaɗe mu a kai shi ne saiwar ɗaci, wadda takan tsiro a ɓoye ta ƙazantar da mutane da yawa. Tsohon malami mai ɗacin rai yakan zauna gindin bishiya yana gaya wa matasa cewa gaskiya ba ta da riba, ya rushe da bakinsa abin da ya gina a shekara talatin da biyar. Kada hakan ya same ku, cikin sunan Yesu.

Ku dubi ban kwanan Sama'ila a 1 Sama'ila 12. Da ya tsufa, ya tara Isra'ila ya ce duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, duk wanda ya zalunta ko ya karɓi hanci a hannunsa, ya fito ya faɗa. Babu wanda ya fito. Wannan ita ce garatutin da ɓarawo ba ya sata. In kun bar aji ba ku sayar da maki ba, ba ku buɗe ƙofar satar jarrabawa ba, ba ku ɓata 'yar kowa ba, to kun fita da arziki. In kuwa lamiri yana tuhumarku da wani abu, kada ku kai shi kabari. Ku furta shi ga Ubangiji, ku gyara abin da zai gyaru. Jinin Yesu yana tsarkakewa har yau (1 Yahaya 1:7-9). Game da mantuwa kuwa, Ibraniyawa 6:10 ta riga ta amsa: Allah ba azzalumi ba ne da zai mance da aikinku. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ƙarya ta uku: amfaninku ya ƙare

A nan ne karatunmu na farko yake magana kai tsaye. Ubangiji ya umarci Musa cewa Balawi zai fara aiki a alfarwa ta sujada yana da shekara 25, in ya kai 50 ya sauka. Aikin Lawiyawa a jeji na ƙarfi ne: wasu suna kula da labule, wasu da katakai da ginshiƙai, 'ya'yan Kohat kuwa a kafaɗa suke ɗaukar kayayyaki masu tsarki. Allah da ya yi jiki ya san kafaɗa tana gajiya, shi ya kafa lokacin sauka. Saboda haka ritaya ba la'ana ba ce, ba kuma aikin maƙiya ba ne da za a yi azumi a karya. Wanda ya rage shekarunsa a takarda don ya daɗe a kujera yana jayayya da tsarin Allah, yana kuma tare wa ƙaninsa hanya.

Amma ku karanta aya ta 26. Balawin da ya sauka ba a kore shi daga alfarwa ba. An ce ya ci gaba da taimakon 'yan'uwansa wajen tsaro da lura. An sauke masa kaya, an bar masa ido da baki. Shi ne zai gaya wa saurayi inda igiya take tsinkewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Baba, Mama, ku duba cikin ikkilisiyarku. Akwai mata a zumunta da suke riƙe Littafi Mai Tsarki a lokacin sujada amma ba sa iya nemo Zabura. Awa ɗaya a mako a hannunku za ta buɗe musu shi. Akwai yaran da suka sake rubuta jarrabawa sau biyu saboda Turanci, iyayensu ba su da kuɗin darasin yamma. Akwai tafintan da yake juya wa'azi daga Turanci zuwa Hausa yana zubar da rabinsa a hanya, ba don mugunta ba, don babu wanda ya horar da shi. Akwai gwauruwar da take bukatar a rubuta mata takardar neman haƙƙin mijinta. Akwai matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka turo koyarwa, ba su taɓa tsayawa gaban aji ba. Akwai tarihin yadda bishara ta shigo yankinku, yana bakin tsofaffi, babu wanda ya rubuta. Ku zaɓi ɗaya daidai ƙarfinku ku fara. Ko kun yanke shawarar komawa garinku na asali, wannan bukata tana jiranku a can.

Zaburar da ayar haddacewarmu take ciki ta kwatanta adali da itacen dabino mai ba da 'ya'ya har cikin tsufa. Mu a Jigawa ba sai an yi mana bayani ba, Dutse garin dabino ne. Yakan ɗauki shekaru kafin ya fara haihuwa, amma in ya fara, wanda ya dasa shi yakan mutu ya bar jikoki suna ci. Kalibu yana da shekara 85 ya roƙi a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron (Joshuwa 14:10-13). Bulus yana kurkuku, ya riga ya ce lokacin tashinsa ya yi, duk da haka ya aika wa Timoti ya kawo masa littattafai da fatun rubutu (2 Timoti 4:13). Gemu ba ya hana ilimi.

Ga ikkilisiya

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana iya karanta wannan shafi, wani ne ya sha wahala a kanka. Galatiyawa 6:6 ta ce mai koyon Magana ya raba abubuwa masu kyau da mai koya masa, Littafin Firistoci 19:32 kuma ta umarce mu mu girmama furfura. Kada makon nan ya wuce ba ka nemi tsohon malaminka ba, Kirista ne ko Musulmi. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, kada ka je hannu rabbana. Dattawan ikkilisiya, ku ba waɗannan iyaye aiki da wurin zama, ku kuma san wanda ya kwana bai ci ba. Kai ma'aikaci matashi, don tuwon gobe ake wanke tukunya: ka yi tanadi tun yau, ka kuma yi aikin da za ka iya tsayawa kamar Sama'ila.

Akwai wata takardar sallama da za ta zo wa kowa, ba ta duban shekarun aiki. A ranar ba za a tambayi matakin albashi ba, sai ko sunanka yana cikin littafin rai na Ɗan Rago. In ba ka ba Yesu rayuwarka ba, yau ce ranar.

Mu yi addu'a

1. Ya Uba, na gode maka domin shekarun da ka riƙe ni a bakin aiki, da kowane ɗalibi da ya bi ta hannuna.
2. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka tumɓuke kowace saiwar ɗaci daga zuciyata, ka ba ni ikon gafartawa.
3. Ya Ubangiji, ka buɗe ƙofar haƙƙin bayinka masu jiran fansho da garatuti, ka warkar da marasa lafiya a cikinsu.
4. Ka nuna mini aikin da ka ajiye mini a wannan sabon lokaci, ka shafe ni da sabon mai.
5. Ka tayar da malamai masu tsoronka a makarantun Ringim da Jigawa baki ɗaya, ka ba ƙasarmu salama.

Furci: Ni dasasshe ne a gidan Ubangiji. Ba zan bushe ba. Zan ba da 'ya'ya har ranar da zai kira ni gida, cikin sunan Yesu. Amin.