Iccen Da Ke Cikin Gidanka Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kora iska inda Ya so, Mai rayar da ƙasa bayan ta bushe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa. Kowa ya san yadda ruwan farko ke zuwa a ƙasarmu: kafin ɗigo ɗaya ya sauka, jar ƙura ke tasowa daga gabas, iska mai ƙarfi ta biyo ta, ta kware kwano, ta tsinke wayar lantarki, ta tumɓuke manyan itatuwa. Sau da yawa kuma cikin dare take zuwa, lokacin da zafi ya fitar da iyali tsakar gida, yara suna kwance bisa tabarma ƙarƙashin bedi.

A damanar da ta gabata, a nan unguwarmu, wani tsohon bedi ya faɗa bisa ɗakin maƙwabci, ya karya azara, ya karya ƙafar wata yarinya. Da muka je jaje, sai mai iccen ya ce mana ƙaddara ce. Amma daga baya muka ji cewa har sau biyu maƙwabcin ya kai kukansa gaban mai unguwa, ya nuna yadda iccen ya karkata. Yau mutane biyu da suka shekara talatin suna salla sahu ɗaya ba sa gaisawa. Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana ke nan.

Babu shakka mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Iska runduna ce daga rundunonin Allah, da ita aka halaka Adawa cikin dare bakwai da yini takwas, kamar yadda ya zo a Suratul Haƙƙa. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa zama mafakar sakaci ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Haka Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can, bai kuwa ga juyawar ta fitar da shi daga ƙaddarar Allah ba. To, wanda ya ga iccensa ya ruɓe ya ƙyale, ranar da ya faɗi kada ya zargi hadari; iska ce ta iske kaba na rawa.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an yi bayanin katangar da ta karkata: idan aka gargaɗi mai ita, ya kuma sami sararin gyarawa amma bai gyara ba, har ta faɗi ta yi ɓarna, to shi zai biya abin da ta lalata. Iccen da ya karkata bisa ɗakin wani bai yi nisa da wannan hukunci ba, ko da yake yanke shari'a aikin alƙali ne. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin Samura ɗan Jundubu, wanda yake da dabino cikin garkar wani Ba'ansare, shigarsa tana cutar da iyalin mai garka. Annabi (S.A.W.) ya nemi ya sayar, ya ƙi, ya nemi ya yi musaya, ya ƙi, ya nemi ya ba da kyauta, ya ƙi. Daga nan sai aka ba Ba'ansaren izinin tumɓuke dabinon. Ku duba fa, dukiyar Samura ce halal, amma mallaka ba ta ba mutum ikon cutar da maƙwabcinsa.

Saboda haka kowane mai gida ya zaga iccensa tun hadari bai kankama ba. Ya dubi gindi: in ƙasa ta tsage ko ta kumburo gefe ɗaya, saiwa ta fara saki. Ya ƙwanƙwasa jikinsa: in ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikinsa, ko da ganyensa shar yake. Ya ɗaga kai ya dubi busassun rassa, da tsagar da ke tsakanin manyan rassa biyu, da reshen da ya yi rumfa bisa ɗakin kwana.

Mu sani kuma, sau da yawa mu ne muke raunana icce da hannunmu. Yawancin saiwoyinsa ba su nitse ƙasa sosai ba, bazuwa suke yi kusa da sama, har su wuce iyakar inuwarsa. Wanda ya haƙa harsashin gini ko ramin salga ya datse su, ya kwance igiyoyin da ke riƙe da iccen. Haka wanda ke ƙona shara a gindinsa, da wanda ke ɓare ɓawon maɗaci don magani har ya zagaye shi. Itatuwan ma ba ɗaya suke ba: gawo yana zubar da ganye da damana, iska ta ratsa ta wuce, saiwarsa kuma ta yi zurfi; bedi kuwa lokacin ne yake cika da ganye yana tare iska, turare kuma ga tsawo ga saurin karyewar reshe. In ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, kamar yadda muka gani a damanar 2024, wadda ruwanta ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, iska kaɗan ta isa ta kayar da abin da ya shekara hamsin tsaye.

Amma ya ku jama'a, kada wani ya fita daga nan ya ɗauki gatari ya ce liman ya yi umurnin sare itatuwa. Ba mu faɗi haka ba. Ƙasarmu ta ɗanɗana fari a 1973 da 1984, ta san abin da rashin icce ke jawowa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, don su kare gonaki daga wannan iska ɗin. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka rungumi sassabin zamani, har aka ƙiyasta itatuwa sun sake tsirowa a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa. Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Shi ne kuma ya ba da labarin mutumin da ya shiga Aljanna saboda wani icce da ya kawar daga hanya yana cutar da mutane, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Dasawa lada ce, kawar da cuta ma lada ce. Ilimi shi ne sanin wurin kowace.

Mafi yawan itatuwa rage rassa kawai suke bukata, da rani, a hannun wanda ya iya. Wanda ya zama dole a sare, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji, don dokar 2004 ta kare wasu itatuwa, sa'an nan a dasa wani nesa da ɗaki. Reshen da ya taɓa waya a bar wa ma'aikatan lantarki. Gwauruwa da tsoho da ba su da halin biyan mai sara, samarin unguwa su taimaka masu don Allah. Mu ma masu kula da masallatai da makarantun allo, amanar almajiran da ke karatu ƙarƙashin inuwa tana wuyanmu, mu fara da namu.

In hadari ya taso, a kwashe yara daga ƙarƙashin icce, matafiyi kuma kada ya fake gindin dogon icce saboda tsawa. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa fuskar Annabi (S.A.W.) takan sauya in ya ga hadari, yana shiga yana fita har ruwa ya sauka. Ya hana a zagi iska, ya koya mana roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta.

Ya Allah, Ka ba mu damana mai albarka, ruwan rahama ba na azaba ba. Ka tsare gidajenmu da ƴaƴanmu, Ka daidaita tsakanin maƙwabta, Ka ba marasa lafiya sauƙi, Ka ji ƙan waɗanda suka riga mu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.